An Ce Na'urar Banki Lafiya Lau, To Me Ke Riƙe Kuɗi Ranar Kasuwar Makarfi?

Tambaya: Ni matashi ne a Makarfi, ina sana'ar POS a bakin kasuwa, na kuma yi difloma a fannin kwamfuta. Abin da ke damuna shi ne, duk ranar kasuwa, musamman daga azahar zuwa la'asar, sai ciniki ya cije. A cire wa mutum kuɗi a asusunsa, ni kuwa na'urata ta ce ba ta gani ba, mu yi ta kai ruwa rana da shi. Na kai ƙorafi banki, wani ma'aikaci ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa, ya nuna mini wani zane mai koren layi, ya ce ga shi nan, babbar na'urarsu ko rabin ƙarfinta ba ta ci ba a watan nan. Malam, wace irin na'ura ce wannan? Yaya ake karanta irin wannan zane? Kuma wa zan gaskata, zanen ko idona?

Daga wani mai karatu, Makarfi.

Amsa: Na ji daɗin wannan tambaya, domin ka sosa wa ɗimbin masu POS inda yake yi musu ƙaiƙayi, tun daga Tashar Yari har Hunkuyi da Paki. Idonka bai yaudare ka ba. Shi ma ma'aikacin mai yiwuwa gaskiya ya faɗa maka iya abin da ke gabansa. Zanen da ya nuna maka na wata guda ne a dunƙule, kai kuwa ciwonka na awa uku ne a rana ɗaya cikin mako. Gyara zama mu bi abin daki-daki.

Ita na'urar da ke riƙe da asusun jama'a a manyan bankunan duniya, menfirem ake ce mata. Girmanta kamar babban firjin kanti ne, tana zaune a ɗaki mai sanyi wanda ba kowa ke shiga ba. Gwanintarta ita ce ɗaukar ƙananan ayyuka bila adadin a lokaci guda: cire wa wannan dubu biyar, zuba wa wancan dubu goma, dare da rana, ba hutu, kuma ba ta gwama kuɗin wani da na wani. Kamfanin IBM na Amurka ya fito da kakar irin wannan na'ura, System/360, ranar 7 ga Afrilun 1964, kuma jikokinta na nan da ransu: z16 ta fito a 2022, z17 a 2025. Manhajojin da aka rubuta da harshen COBOL tun iyayenmu na samari har yau suna aiki a kansu. A Najeriya ma tsohon zance ne. Tun 1963 IBM ta buɗe cibiyar koyar da aikin kwamfuta a Jami'ar Ibadan, nan kusa da ku kuma cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Ɗaliban wancan zamani a kati mai gurbi 80 suke huda umarninsu, su miƙa ta taga, su dawo daga baya su karɓi amsa a takarda.

Ba kowane bankin ƙasar nan ne ke aiki da menfirem ba. Da yawa tarin matsakaitan na'urori suke haɗawa su yi musu aikin. Amma ilimin auna gajiyar na'ura a ɗakin menfirem ya yi ƙarfi kafin sauran su ara, don haka da ita zan yi maka misali, abin da ka fahimta a nan zai yi maka amfani a ko'ina.

Menfirem ba ta yin abu ba ta rubuta ba. Ka san irin dattijon dillalin nan na kasuwar rake da ba ya barin dami ɗaya ya hau mota sai ya shiga littafi? To haka take. Akwai wani sashe a cikinta mai suna SMF, shi ne magatakarda, kuma kowane irin labari da lambarsa. Lamba 70 tana faɗin yadda ƙwaƙwalwar na'urar ta sha aiki. Lamba 72 tana faɗin yadda kowane rukunin ayyuka ya samu biyan buƙata. Lamba 74 labarin faifan ajiya ne, lamba 30 kuma tana bin kowane aiki tun daga farawarsa har ƙarewarsa. Manhajar CICS, wadda ke karɓar ciniki irin naka ɗaya bayan ɗaya, tana zuba nata labarin a lamba 110. Sai wani sashen, RMF, mai leƙe. Kusan kowace daƙiƙa yakan leƙa ya ga wa ke aiki, wa ke jira, me yake jira, sannan ya tattara abin da ya gani, galibi duk bayan minti 15, ya miƙa wa magatakarda. Minti 15 sau 96 ne a kwana ɗaya, a wata ana maganar kusan 2,900. Wannan fa na ma'auni ɗaya ke nan, ma'aunan kuwa ɗaruruwa ne.

A da duk wannan a takarda ake bugo shi, doguwar takarda mai ratsin kore da huji-huji a gefe, layi ɗaya haruffa 132. Sai ka ga tsibinta a kan tebur ya kai kamu guda. Babu ɗan'adam da zai karance ta, don haka sai a nemi hanyar taƙaitawa, mafi sauƙin taƙaitawa kuwa shi ne a haɗa duka a raba, a fitar da matsakaici. Daga nan matsalarka ta samo asali.

Mu ɗauki misali da lissafi. A ce a kwana ɗaya na'ura ta yi awa 21 tana cin kashi 30 cikin 100 na ƙarfinta, sai ta yi awa uku tana cin kashi 95. Haɗa ka raba da 24, za ka samu kashi 38. Wanda ya ga 38 zai ce lafiya lau, ko rabi ba a kai ba, kuma bai yi ƙarya ba. Amma mutanen da suka zo cikin awa ukun nan sun ɗanɗana kuɗarsu. Idan aka ƙara dunƙule kwana talatin wuri ɗaya, har da daren Lahadi lokacin da kowa ke barci, ranar kasuwarku sai ta narke a ciki kamar gishiri a randa.

To me ya sa kashi 95 ya zama bala'i, alhali da sauran biyar? A nan nake so ka tsaya, domin wanda ya gane wannan ya gane rabin ilimin. Ɗauki injin niƙan unguwarku. A ce a matsakaici kwano minti biyu yake ci, wani ya fi haka wani ya gaza, injin ɗaya ne, yara kuma suna zuwa yadda Allah ya kawo su, wani lokaci shiru, wani lokaci uku a tare. Idan rabin lokacin injin ne ke cike da aiki, yarinyar da ta kawo niƙa za ta yi kamar minti huɗu, jira da niƙan gaba ɗaya. Idan aiki ya cinye kashi 80 na lokacin, sai ya koma minti goma. A kashi 90, minti ashirin. A kashi 95, minti arba'in. Duba da kyau: daga 50 zuwa 80 minti shida kawai aka ƙara, amma daga 90 zuwa 95, ɗan taƙin nan, minti ashirin cif. Injin bai lalace ba, mai niƙa bai yi lalaci ba. Haka ɗabi'ar layi take, ba ya tsawo a hankali, idan aka kusa cika sai ya yi tsalle. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, A. K. Erlang, shi ya fara warware lissafin layi tun 1909, lokacin da yake aiki da kamfanin tarho na birnin Kofenhagen, yana neman sanin layukan waya nawa za su ishi gari.

Sai dai kada in bar ka da rabin zance. Menfirem mai niƙa ce mai dabara. Injinanta da yawa ne, kuma tun 1994 tana da wani sarkin fawa a ciki mai suna WLM, wanda ke raba aiki bisa muhimmanci. Kamar mai niƙan da ɗan kasuwa ya ajiye wa buhu goma na masara ya ce sai gobe zai ɗauka: idan babu yara sai ya ci gaba da buhunan, da zarar yarinya ta iso da kwanonta sai ya dakata ya sallame ta. Irin wannan injin zai iya wuni yana ruri ba tsayawa, amma babu wanda ya daɗe a layi. Saboda haka ganin kashi 95 ko ma 100 a menfirem shi kaɗai bai isa a ce akwai ciwo ba. Gwanaye sun fi damuwa da wa ke jira, kuma me yake jira. WLM yana da wani ma'auni mai sauƙi: idan ya nuna 1, an cika alƙawarin saurin da aka ɗaukar wa wannan rukuni, idan ya haura 1, an gaza. Ka ga koren layin da aka nuna maka, ko da na kowane minti ne, ƙwaƙwalwa kawai yake aunawa. Ciniki na iya maƙalewa yana jiran faifan ajiya, ko yana jiran wani aikin ya saki asusun da ya riƙe, ko yana jiran amsa daga wani banki, ƙwaƙwalwar kuwa tana zaune tana hamma.

Na taɓa aiki a wata ma'aikata inda kowace safiya, daga ƙarfe takwas zuwa wajen tara da rabi, kwamfutocin ofis suke yin nauyi kamar an ɗaura musu dutse. Rahoton wata kuwa kullum fes. Muka yi makonni muna zargin waya, muna zargin wuta, har aka fara maganar sayen sabuwar na'ura. Wata rana na zauna na kwafe alƙaluman minti goma sha biyar-biyar na mako guda a takarda mai gida-gida, na bi su da jan biro. Sai ga tudu a wuri ɗaya kowace rana, kuma a layin faifan ajiya yake. Ashe aikin kwafe bayanai don adanawa ne, wanda aka tsara tun da daɗewa ya riƙa farawa da tsakar dare. Shekaru sun tafi, bayanai sun yi yawa, aikin da a da yake ƙarewa kafin asuba ya koma yana kaiwa hantsi, yana kokawa da ma'aikata a kan faifai ɗaya. Ko ƙusa ba a saya ba. Aka matso da lokacin farawa zuwa bayan isha'i, aka raba aikin gida biyu, magana ta mutu. Har yau ina tuna yadda shugaban sashen ya daɗe yana kallon takardar nan bai ce uffan ba. Gani ya kori ji.

Abin da na yi da jan biro cikin kwana biyu, yau da ɗan yatsa ake yinsa cikin minti biyar, kuma shi ne zuciyar tambayarka. Zanen zamani ba hoto ba ne da ake mannawa a bango, abu ne da ake yi wa tambaya ya amsa nan take. Ga yadda mai bincike na ƙwarai zai bi ƙorafinka. Zai fara da kallon watan gaba ɗaya, kamar wanda ya hau dutse yana hangen gari. Sai ya ja yatsa a kan ranar kasuwa kaɗai, zanen ya buɗe, kwana ɗaya ya cika fuskar kwamfuta. Ya sake ja daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na yamma, yanzu kowane ɗigo minti ɗaya ne ko biyar. Tudun da ya ɓace a zanen wata sai ya fito fili. Daga nan sai ya tace: a cire komai, a bar cinikin kati kawai. A raba shi, na na'urar cire kuɗi daban, na POS daban. A raba tsawon lokacin kowane ciniki: nawa ya tafi a ƙwaƙwalwa, nawa a faifai, nawa a jiran amsa daga waje. A ɗora zanen wannan mako a kan na makon jiya a ga ko tudun ya maimaita. Kowace amsa tana haifar da sabuwar tambaya, kuma da yake amsar ba ta ɗaukar lokaci, mai bincike ba ya mance abin da yake bi. A zamanin takarda, kowace tambaya ɗaya sai an jira kwana. Manhajoji irin su OMEGAMON da Grafana wannan aikin suke sauƙaƙawa, har ma akwai hanyar da ake janyo bayanan RMF kai tsaye zuwa cikin Grafana.

Cikin duk nau'o'in zane, akwai guda biyu da nake so ka riƙe. Na farko shi ne wanda nake kira tabarmar zafi. A jera kwanakin mako bakwai a kwance, awa 24 a tsaye, ka samu gida 168. Kowane gida a shafa masa launi gwargwadon tsananin jira, daga fari zuwa ja. Ko wanda bai shiga aji ba, idan ya kalla zai nuna maka da yatsa ya ce ga inda wuta take. Na biyu shi ne jeri. A ce cikin ciniki 100, guda 90 sun wuce a daƙiƙa biyu, goma kuma sun ɗauki daƙiƙa 40. Matsakaici zai ba ka daƙiƙa 5.8, adadin da babu mutum ɗaya cikin ɗarin nan da ya gamu da shi. Masana sai su jera cinikin daga mafi sauri zuwa mafi nawa, su duba na 95 ko na 99 a jerin. A misalinmu na 95 daƙiƙa 40 ne, kuma shi ne mutumin da ke tsaye a gaban rumfarka yana huci. Idan ka koma banki, wannan layin za ka roƙa a nuna maka, na ranar kasuwa, na awa-awa.

Wannan tunani ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. William Playfair, mutumin Sukotlan, shi ya fito da zanen layi da na sanduna a 1786 don nuna cinikin Ingila da na Sukotlan da ƙasashen waje. A 1973 wani masanin ƙididdiga, Francis Anscombe, ya shirya rukunin alƙaluma huɗu waɗanda matsakaicinsu da sauran taƙaitattun ma'aunansu duk ɗaya ne, amma da aka zana su sai kowanne ya fito da kamanninsa daban, don ya nuna wa abokan aikinsa haɗarin dogara da taƙaitawa ba a kalli zane ba. Mafi kusa da mu kuwa, katin awon jarirai ne da ke cikin jakar kowace mai jego. Likita David Morley ya inganta shi a garin Imesi-Ile, cikin Jihar Osun ta yanzu, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960, daga nan ya bazu a duniya. Tambayi kowane ɗalibin makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke nan garinku, zai gaya maka nauyin yaro na rana ɗaya ba ya faɗin komai sosai. Inda layin ya dosa ake kallo, yana hawa, ya tsaya, ko ya fara gangara. Mai kula da menfirem ma katin awo yake riƙe da shi.

Akwai kuma dalilin aljihu da ya sa masu menfirem ba sa ɗauke ido daga zane. Shekaru da yawa IBM tana cajin kuɗin manyan manhajojinta ne bisa matsakaicin awa huɗu mafi tsanani a cikin wata. Yammaci ɗaya da aka bar manyan ayyuka suka yi karo da juna zai iya ɗaga kuɗin watan gaba ɗaya. A 2019 kamfanin ya fito da wani sabon tsarin caji, amma ɗabi'ar farautar tudu ta riga ta zauna.

Yanzu mu dawo rumfarka, domin akwai abin da ko zane mafi kyau na banki ba zai gani ba. Idan kati ya shiga na'urarka, saƙo yakan tashi ta layin wayar da ke cikinta zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, daga nan zuwa kamfanin da ya ba ka na'urar, daga nan zuwa cibiyar da ke haɗa bankuna, irin su NIBSS wadda Babban Banki da bankunan kasuwanci suka kafa a 1993, sannan ya isa bankin mai katin. Shi zai duba asusu, ya cire kuɗi, ya maido amsa ta hanyar da aka zo. Na'urarka tana da iyakar daƙiƙoƙin da za ta jira. Idan amsa ta makara a kowane zango cikin waɗannan, sai ta haƙura ta buga maka cewa ciniki bai yi ba, alhali can an riga an cire kuɗin. Daga nan sai jiran a maido. Abin da ke ƙara dagula lissafi, duk wanda cinikinsa ya faɗi sai ya ce a sake gwadawa, sau biyu, sau uku, kowane gwaji kuma sabon kwano ne a layin da ya riga ya cika. Mun ga haka ƙarara a farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsabar kuɗi ta yi wuya, mai rake da mai tumatir da mai shayi duk suka koma tiransifa a lokaci guda, layi ya yi irin tsallen da na kwatanta maka.

Ranar kasuwar Makarfi, jama'ar Gazara da Gubuchi da Mayere da fataken nesa duk suna taruwa a fili ɗaya, kowa da waya a aljihu, ƙarfen sabis kuwa su ne dai na jiya da shekaranjiya. Ita na'urar banki ƙasa gaba ɗaya take yi wa aiki, kasuwar gari ɗaya da wuya ta girgiza ta. Don haka zargina ya fi karkata ga zangon farko, tsakanin rumfarka da ƙarfen sabis. Amma zargi ba hujja ba ne, kuma kai ne mutumin da ya fi kowa damar samo hujjar.

Sayi littafin lissafi mai gida-gida. Kowane ciniki ka rubuta rana, da lokaci, da bankin katin, da layin wayar da ke cikin na'ura, da ko ya wuce ko ya faɗi. Kada ka rubuta sunan mutum ko lambar katinsa, amana ce, kuma binciken ba ya buƙatarsu. Ka yi haka mako huɗu ko shida. Sannan ka zana tabarmar zafinka, ko da fensir mai launi, ko ka zuba alƙaluman a Excel ko Google Sheets a wayarka, inda za ka iya tacewa da taɓawa ɗaya. Abu guda ka kiyaye: kada ka ƙirga yawan faɗuwa kawai, ka ƙirga nawa suka faɗi cikin nawa aka gwada. Faɗuwa goma cikin ciniki ɗari biyu ranar kasuwa ta fi sauƙi a kan faɗuwa uku cikin goma ranar da babu kowa. Wannan kuskuren ya kayar da manya.

Sai ka fara yi wa zanenka tambaya. Idan duk bankuna suna faɗuwa tare a awa ɗaya, kuma ranar kasuwa kawai, to ciwon na kusa da kai ne. Gwada wani layin waya a wannan awar, ko ka haɗa kai da maƙwabcinka mai amfani da wani layi ku kwatanta littattafanku. Idan katin banki ɗaya ne ke faɗuwa ko da wane layi, ko da wace rana, to ka samu abin kai wa wancan banki. Idan kuwa abin yana tsananta ne a ƙarshen wata ko'ina, lokacin albashi ne, kuma wannan ya fi ƙarfin Makarfi. Ka yi hattara da saurin yanke hukunci don ka ga layi biyu suna hawa tare. Zafin rana da faɗuwar ciniki duk da azahar suke ƙaruwa, amma cunkoson jama'a ne ya haɗa su. Idan zanen sanduna za ka yi, ka fara ma'aunin daga sifili, in ba haka ba ɗan bambanci sai ya zama dutsen Kufena.

Akwai ilimin da kake da shi wanda manhajar da aka rubuta a Amurka ba ta zo da shi ba. Ita takan kwatanta wannan mako da irinsa na bara a kalandar Bature. Azumi da Sallah kuwa kowace shekara suna matsowa da kwana goma ko goma sha ɗaya, don haka tudun jajibirin Sallah ba ya faɗowa a gurbi ɗaya. Ba ta san lokacin da motocin rake ke layi a Makarfi ba, ba ta san sa'ad da tumatirin Kudan da Ikara ke fitowa kuɗi su yi ta yawo ba. Sai an samu wanda ya san ƙasar ya rubuta wannan a gefen zane kafin zanen ya yi magana sosai. Abin yana yi mini ciwo ganin yadda muke da matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa irinka, amma ake yanke shawarar sabis da na banki a kan garuruwanmu ba tare da alƙaluman da suka fito daga garuruwan ba.

In kana son ka zurfafa, ƙofa a buɗe take. IBM tana da dandalin koyo kyauta mai suna IBM Z Xplore, inda ake ba ɗalibi damar shiga menfirem ta gaske ta intanet ya yi gwaji. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana da fannin nazarin bayanai da zana su. Zariya kuma ba nisa. Amma ka fara da littafin nan mai gida-gida, domin wanda ya iya yi wa alƙaluman rumfarsa tambaya, na menfirem ba za su gagare shi ba, yawa kawai suka fi.

Ranar da za ka koma banki, ka tafi da zanenka da rasit na cinikin da suka faɗi, masu ɗauke da lamba da lokaci. Ka yi wa ma'aikacin magana da ladabi, shi ma abin da aka ba shi yake nunawa. Ka ce masa: “Yallaɓai, ga ranakun, ga awannin, a taimaka a tura wa masu kula da na'ura su duba wannan lokacin kaɗai.” Idan mako shidan sun cika, ka aiko mini da hoton tabarmar taka mu duba tare a wannan fili. Allah ya sa albarka a sana'a, ya kawo kasuwa.